Hannun Idris

Halimatus Sa'adiya ta yi shekara talatin tana suyar waina a Gwammaja, ba ta taɓa zama aji ba, amma kallo ɗaya take yi wa mutum ta san abin da ya ci jiya. Wankan jego ne ya kai ta Dubai, wajen 'yarta Kamila a Al Qusais.

Wata rana Kamila ta tsinci wani ɗan kati a aljihun mijinta Idris, na gidan abincin Turawan Ingila da ke cikin wani otal, irin wanda abinci na nan, kwalabe na can. Shi kuwa Idris, duniya ta san akanta ne a kamfanin kago, masu jigilar kaya. Kamila ta yi kuka. Uwar ta ce, "Share hawayenki. Ce masa ranar hutunsa can zai kai mu. In mashayi ne, ki haɗa kayanki mu hau jirgi ɗaya."

Ya yi ta kame-kame, a ƙarshe ya kai su da azahar.

Wuri duhu-duhu da rana tsaka, bango duk katako, talabijin na ta ihun ƙwallo. Tun daga ƙofa mai gadi ya ce, "Habibi Idris!" Tsohuwa ta ƙyafta wa 'yarta ido. Wata Bafilipina ta zo ɗaukar oda tana danne dariya. Idris kuwa lemo ya ce a kawo masa. Halimatus Sa'adiya ta ja kofin ta shinshina. Lemo ne.

Aka kawo kifi da aka tsoma a ƙullu aka soya, da dankali, da wani koren wake da aka dame kamar za a ba jariri. Farantin da zafi har Kamila ta janye yatsa. Idris ya ɗauke shi da hannu tsirara, ko gezau. Ya miƙa gishiri, hannun rigarsa ya zame. Ɗige-ɗigen ƙuna har gwiwar hannu, wasu sun bushe, wasu ɗanyu. Tsohuwar ma irin su ne a nata hannun.

Da Kamila ta tashi canza wa jaririyarta Muhsinat kunzugu, tsohuwa ta matso.

"Baban Muhsinat, wane irin lissafi ne yake fantsamar mai?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, kamfanin ya rufe tun watan azumi. A kicin ɗin nan nake aiki. Wallahi kifi da dankali kawai nake taɓawa."

"Shi ne ka bar min yarinya tana zaton giya kake sha? Suya abin kunya ce? Da ita na aurar maka da matar."

"Tsoro nake ta raina ni."

"To ga ta nan tafe. Ko ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa, kuma nawa ba daɗi."

Kamila ta zauna tana duban su. Idris ya naɗe hannun riga duka biyu, ya ɗora hannuwan a kan tebur, ya ce, "Kamila, kin ga ƙofar can ta baya?"