Wasalin da Kaka Bukar Ya Ce Na Sace

Duk wanda ya san Kaka Bukar a kasuwar kifi ta Haɗeja ya san ba ya yarda da kalma sai ya yanka ta gaɓa-gaɓa, yana ƙwanƙwasa zobensa a jikin benci. Cewa yake, "Kalma tarwaɗa ce, sai ka feɗe ta za ka san abin da ta haɗiye." Ajin yaƙi da jahilci kawai ya leƙa, amma can ya tsinto gaɓa da wasali, ya addabi jama'a da su.

Da likita ya ce yana da ciwon suga, ni jikarsa na kai masa gwangwanin madara mai rubutun *sugar-free*. Ya juya shi gaba da baya, ya shinshina.

"Karanta mini, amarya."

"Shuga-fri, Kaka. Gaɓa uku. Babu sukari ke nan."

Ya ƙwanƙwasa. "Shu-ga-fi-ri. Huɗu! Ina kika kai wasali guda? Mai satar wasali ba ya barin akuya."

Bai tsaya nan ba. Wai ai firi kyauta ne, haka aka ce ranar rabon gidan sauro. "Sukari kyauta, ga mai ciwon suga? Faɗi gaskiya, gonata ta fadama kuke so?" Sai da akuyar maƙwabta ta sha ta kwana lafiya kafin ya kurɓa.

Wata rana ya dangwala yatsa a kan ɗan karan da ke tsakanin kalmomin. Na ce haɗa su yake yi.

"Da sanda? Waɗanda ke shiri ba a shiga tsakaninsu da sanda."

Haushi ya sa na ɗauko malamin Turanci takanas. Bawan Allah ya karanta rubutun yana tafa hannu, sau uku fes. Kaka ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ba surukin mai kantin madarar ba ne?"

Haka muka yi shekaru. Kowace Juma'a in taso daga Birniwa da gwangwani, mu yi musu, ya sha yana mita.

A jinyarsa ta ƙarshe, zoben har ya yi masa yawa. Ya ƙwanƙwasa gefen gado sau uku, a hankali.

"Uku ne, amarya. Tun ranar farko na ji. Amma da na yarda, wa zai riƙa zuwa yi mini gardama?"

Wallahi na yi kewar musun nan. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya shayar da shi ruwan Alkausara, mai zaƙi, kuma kyauta.