Sunan Yaya Sabi'u bai shiga kotu ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wani mutum ya sha giya, ya hau mota, ya bi ta kan yayana Sabi'u a wurin jiran bas a Woodbridge, da safe, yana hanyar zuwa gidan tsofaffin da yake jinya. Mutane suna tambayata ko na huce. Ban huce ba.

A nan Amurka alƙali ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin gari, ana ce musu juri. Kafin a kira shaida ko ɗaya, kowane lauya zai tsaya gabansu ya buɗe magana. Daga baya na gane cewa a wannan tsayuwar aka cinye mu.

Lauyar gwamnati ta zo gida kafin shari'a, tana so mu faɗa mata wane irin mutum ne Sabi'u, don ta fara da shi. Hajiyarmu, wadda muka ɗauko daga Kano, ta sunkuyar da kai. Ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yabe shi gaban baƙuwa. Ta ce, "Yaron nan dai, Allah ya jiƙansa." Matarsa Rabi ta ce, "Maigidan ba shi da matsala." Lauyar ta jira, ta jira, ta tashi.

Ranar shari'a lauyar ta yi magana a kan gudun mota da awon giya a jini. "Mamacin" take ta cewa. Sai lauyan direban ya miƙe, hannunsa ba takarda. Ya matsa kusa da juri, ya rage murya, ya kira direban da sunan da uwarsa take kiransa da shi. Ya ce yana koya wa yaran unguwa ƙwallo, ya ce rana ce ta haske masa ido. Sannan ya nuna mu da hannu, muna zaune shiru kamar yadda aka hore mu, ba mai kuka. Ya ce, "Ku dubi iyalinsa. Su ma sun san tsautsayi ne." Alƙali ya tsawatar masa, amma juri sun riga sun juyo sun kalle mu. Da haƙurinmu ya wanke mai laifi. Ƙaramin laifi suka kama shi da shi, kafin jaririyar da Sabi'u ya bari ta iya tafiya ya fito daga kurkuku.

Ni mutum ne mai yawan damuwa, a firamare na tsaya, ina tsoron ɗaukar alhaki. Na je wurin limaminmu a Manassas fiye da sau ɗaya, ina tambaya ko zunubi ne in ƙi yafewa. Ya ce, "Malam Hadi, yafiya ta fi lada, amma haƙƙinku ne." Na riƙe haƙƙina.

Na san abin da Yaya zai ce da yana nan. Zai yi dariya ya ce, "Sarkin tunani, ka sake shi mana, hawan jini zai kama ka." Shi haka yake. Tsohon da ya tofa masa abinci a fuska a wurin aiki ma shi yake aske wa gemu. Da zai ga 'yarsa yau, tana amsa Hausa da Turanci, tana tafiya irin tasa, wataƙila ya ce ya isa. Ni bai ishe ni ba.

Kullum in cunkoso ya tsayar da ni a babban titi, ina shirya tawa buɗe maganar. Ba ta da tsawo. Sunansa Sabi'u. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya cire rigar sanyinsa ya sa mini. Akwai wata kotu a gaba, ta lahira, da direban da lauyansa duk za su tsaya a cikinta, kuma a can ba a nuna mutum da hannu a fassara shirunsa. Roƙona ɗaya ne: a bar ni in fara magana.