Gwiwar Sabo da Tawa

Bauchi

Ana sallame sallar asuba muka bar Wunti, ni da taubashina Sabo, ɗan ƙanin mahaifiyata. Ya ɗauki jakata ya tare mana keke, yana cewa, "Baba tsoho, a sannu dai, kada ƙafar ta faɗi a hanya."

Ciwonmu ɗaya: ƙoƙon gwiwa ya riƙa gocewa gefe. Shi aka fara yi wa aiki, aka ɗaure masa ƙoƙon da sabuwar jijiya, ya miƙe garau. Da Inna ta ga haka ta ce babu wani dogon bincike, ciwo ɗaya magani ɗaya, a yi mini irin na Sabo. Aka yi. Yau Sabo har ƙwallo yake bugawa, ni kuwa tawa ta sake gocewa ina tsakiyar ruku'u. Tun ranar a kujerar roba nake salla, can ƙarshen sahu, tsakanin dattawa. Abin da zai kai ni Kano ke nan: in ji ko goshina zai ƙara taɓa ƙasa.

A tasha direba ya ba ni gaba don in miƙe ƙafa. Sabo ya shige baya ya naɗe gwiwoyinsa kamar tabarma. Wallahi har matsin nan na yi masa hassada.

Ningi zuwa Wudil

A Ningi muka tsaya muka ci masar da muka ƙunso daga gida. Sabo ya tsallake kwalbati da tsalle ɗaya, ba don komai ba sai don in gani. Na kuwa gani.

Kafin Birnin Kudu wani ɗan sanda ya leƙo ya ga ƙafata a ɗaure. "Hatsari ne?"

"Ragwanci ne, yallaɓai," in ji Sabo. "Likitanmu ɗaya, shi ne ba ya motsa jiki."

Mota ta kwashe da dariya. Haka ake faɗa a gida ma, alhali na fi shi wahala a kan motsa jikin nan. Da haka muka haye gadar Wudil.

Kano

Mun kwana gidan wani kawunmu. Washegari da hantsi muka ga likitan ƙashi, wata mata mai magana a hankali. Sabo ya zo da hoton gwiwarsa don ya yi alfahari, sai ta jera shi kusa da nawa.

"Kun ga nan?" ta ce, tana nuna hoton Sabo. "A ƙashin cinya akwai kwarin da ƙoƙon ke bi. Na wannan malamin yana da zurfi, jijiya kawai ya rasa. Naka kuwa shafe yake kamar faifai, da shi aka haife ka. Ko wace irin jijiya aka ɗaura, ƙoƙon ba shi da wurin zama."

"To ba ragwanci ba ne?" Na tambaya da ƙarfi don wani ya ji.

"Ko kaɗan. Sai an sassaƙa maka kwarin, kuma aikin ya fi na farko girma."

"Zan yi sujada a ƙasa?"

"Gocewar, ina sa rai za ta daina. Durƙuso kuwa, ba zan yi maka alkawari ba."

Na zuba wa hoton Sabo ido. Kwarin nasa ɗan lotsawa ne da bai kai bakin cokali ba, Sabo bai roƙa ba, bai ma san yana da shi ba. Na san rabo na Allah ne, amma raina ya ƙi kwanciya.

Komowa

Daga Kano har Bauchi Sabo bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, shirun nan ya fi tsokanar ciwo. Mun iso Wunti ana kiran magariba. Mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa kawu da iyalinsa.

A masallacin layinmu Sabo ya ɗauko mini kujerata da kansa. Ya bar gurbinsa na bayan liman, ya zo ƙarshen sahu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni. Na gode masa a zuci. Amma da liman ya yi kabbarar sujada, na ji saukar gwiwoyinsa a kan tabarma, a hankali, babu ko nishi. Ni na sunkuya daga kan kujera, goshina ya tsaya a iska, sai hawayena ne suka isa ƙasa.