Rufin Elpidio

A Layin Maƙera na garin Collerano aka haifi Elpidio Tarquini, cikin gidan dutse da kakansa ma gadonsa ya yi. Bai yi nisa a karatu ba. Yana tasawa ya bi samarin da ke tafiya Suwizalan neman aiki, ya fara da ɗaukar yashi, ya ƙare a shugaban masu zuba kankare. Gadoji ya yi ta zuba wa mutane har furfura ta fito masa. Ya dawo gida da ciwon gwiwa da aƙida guda: duk ginin da ba siminti, wasan yara ne.

Bai ko huta ba ya yaye rufin gidansu. Tsofaffin katakan da ke riƙe da shi ya faskara ya sa a murhu. Ya ɗaure rodi da hannunsa, ya zuba kankare mai kauri a kan bangon kakanni. A wancan zamanin haka ake yayi, ba mai cewa kuskure ne. Matarsa Velia ta ce ɗakin ya zama kamar kabari, bai saurare ta ba. Har ta rasu, ɗigon ruwa bai taɓa sauka a kan gadonta ba, kuma ba wanda Elpidio bai gaya wa wannan ba.

Ranar da ƙasa ta girgiza yana lambu yana tsinkar tumatir. Hasumiyar coci ta zube, rabin kasuwa ya rufta. Layin Maƙera bai faɗi ba, ya dai tsattsage. Aka kwashe kowa zuwa ɗakunan katako da aka jera a filin ƙwallo, aka rufe tsohon gari da waya.

Gidajen layin a manne suke, bangon wannan shi ne bangon wancan. Saboda haka doka ta ce ba a gyara gida shi kaɗai. Layin gaba ɗaya ake ɗauka, kuma sai kowane mai gida ya sa hannu. Aikin ya faɗo hannun Injiniya Loretta, 'yar mai gidan burodin garin. Tsarinta ba ɓoyayye ba ne: a ɗura ruwan farar ƙasa cikin bango ya cike kogunan da ke ciki, a ratsa sandunan ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan su ɗaure gidajen, a sauke duk wani rufi mai nauyi a mai da na katako. Kowa ya sa hannu, ban da Elpidio.

Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Fiorina, maƙwabciyarsa da suke bango ɗaya, tari ya kama ta a ɗakin katakon nan mai sanyi. Tsohuwa ce da bakinta ba ya gajiya. Duk safiya in ya fito shan kofi sai ta leƙo ta taga.

"Sarkin siminti, an tashi lafiya? In na mutu a filin ƙwallo, kai za ka zuba min kankare a kabari, ka ji?"

"Ke da za ki binne mu duka. Rufina ko tsaga bai yi ba, je ki duba."

"In duba da me, da wayar da aka kewaye shi? Tsoho, kanka ya fi rufin tauri."

Wata rana Loretta ta zo da hular kwano biyu da izinin shiga tsohon gari. Suka hau tudu suna tsallake duwatsu. A saman benen gidansa Elpidio ya ɗaga kai, ya buga sandarsa a rufin, ya yi ƙara ƙwal.

"Kin ji ko, 'yar nan? Tun kina satar burodi a shagon ubanki na zuba wannan."

"Na ji, Baba. Ban taɓa ganin zubi mai kyawunsa ba, kuma ba daɗin baki nake maka ba. Ni ba rufin ne ya dame ni ba." Ta miƙa masa guduma da kurfi na sassaƙa dutse. "Ga bangon da ke tsakaninka da Inna Fiorina. Ciro min dutse ɗaya."

Ya yi tsaki ya karɓa. Bugu kaɗan dutsen ya fito, mulmulallen dutsen rafi mai santsi. Bayansa sai ƙasa ta biyo, tana zuba kamar gari daga yagaggen buhu, har ta rufe masa takalmi. Ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, bai taɓo komai ba.

Duk shekarun da ya yi yana zubi, a kan ginshiƙan da shi ya kafa yake yi. Bai taɓa leƙa cikin bangon gidansu ba. Magabata fuska biyu kawai suke jerawa da dutse, su cika tsakiya da ɓaraguzai da ƙasa.

"Rufinka a dunƙule yake motsi," in ji Loretta. "In ƙasa ta kaɗa, shi ba zai karye ba. Bangon zai tura waje, sannan ya sauko a guda ɗaya. Dubi can sama, har ya fara zamewa."

"Ta wane gefe zai sauko?"

"Ta gefen Inna Fiorina. Gadonta yana bayan hannunka."

Ya zaro hannun, ya kakkaɓe rigarsa. "To ba sai ki faɗa tun farko ba."

"Na faɗa, Baba. A taro, a gaban kowa."

"Surutu kika yi. Miƙo takardar."

A kan gwiwarsa mai ciwo ya ɗora takardar ya sa hannu, suka sauko.

Da bazara aka fara aiki. Sauran rufin layin ba su ba ma'aikata wahala ba. Na Elpidio kuwa ya cinye bakin injin yanka, aka sako sabo, shi ma ya cinye. Shugaban ma'aikatan, wani ƙato daga kudu, ya zagi wanda ya zuba wannan abu har kakansa. Elpidio na zaune a kan kujerar da ya jawo bakin waya, yana jin kowace kalma, fuskarsa fal murna.

"Ni ne, yaro! Ci gaba da zagin, amma ka kula da bangon tsohuwar nan!"

Fiorina ta koma gidanta da tarinta, ta rayu a ciki har ta ga auren jikarta. Elpidio ma ya koma. Rufin katako ne yanzu a kansa, mara nauyi, da sandar ƙarfe ratse a ƙarƙashinsa wadda ta bi ta ɗakinsa ta fita ta ɗakin Fiorina. Yana rataye rigunansa a kanta. Ya ce in ana ruwa ƙarar rufin ba ta barinsa barci, kuma har gobe bai yarda katako gini ne ba. Amma in an yi ɗan motsin ƙasa, irin wanda ba a rasawa a nan, ya daina fita waje da gudu. Bangon da ke tsakaninsa da Fiorina yake bugawa da sanda.

"Kina nan?"

"Ina zan je? Bar min bango!"