Kunnen Lado Ɗan Dako

Shekara ashirin da biyu Lado ya yi yana dako a injin casar shinkafa na Alhaji Zulkifilu da ke Karaye. Ni ne mai tuƙa injin, kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa yi masa magana ba sai "Lado, ɗauki" ko "Lado, sauke". Mutumin Kwanyawa ne, siriri, ba ya gaida mutum a tsaye. A wurinmu kowa ya san matsayinsa: ɗan dako iyakarsa bakin ƙofa, maganar inji kuwa ta masu takarda ce irina.

Kakar bara bayansa ya fara ciwo, buhu ɗaya sai ya huta sau biyu. Alhaji ya yanke shawarar sallamarsa in an gama kaka. Kowa ya sani, shi ma ya sani, ga 'ya'ya bakwai a gida.

Ana cikin haka injin ya fara farfasa shinkafa, ta shiga lafiyayya ta fito tsaki. Na kwance, na ɗaure, na zagi ƙarfe, a banza. Aka ɗauko makanike daga Kano, ya kwana uku yana canje-canje yana cin kaji, ya tafi ya bar mu inda ya same mu. Manoman Zoza suka fara juya kayansu zuwa wani injin.

Ranar nan Alhaji na tsaye ya yi tagumi, sai ga Lado ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, in an yi mini izini. Boris ɗin hagu ne ya cinye, zoben nan da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Yau kwana goma sha ɗaya da kukansa ya canja."

Na yi dariya, wallahi har da riƙe ciki. Alhaji ya ce in kwance a gani. Na kwance. Boris ya fito a hannuna guntu-guntu. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Lado! Ina ka koyi wannan?" in ji Alhaji.

"Nan ƙofar, ranka ya daɗe. Kunne ai ba ya ɗaukar buhu."

"To me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ba a tambaye ni ba. Kuma ga Malam Habibu a tsaye, zan kunyata shi?"

Ni ke nan. Mutumin da ban san sunan mahaifinsa ba, kwana goma sha ɗaya yana rufa mini asiri, aikinsa na rawa.

Alhaji ya tara sauran 'yan dakon nan take, ya tambayi kowa abin da ya iya. Ashe Sulle ya iya walda. Muhammad Auwal da ido yake gane ɗanyar shinkafa tun kafin a buɗe buhu sosai. Muka tsaya baki buɗe. Tun daga ranar, duk Alhamis a kan tabarma ɗaya muke zama, wanda ya iya abu ya koya wa na kusa da shi.

An fasa sallamar Lado. Alhaji ya miƙa masa sifanar kwance inji ya ce daga yau tare da ni zai riƙa tuƙi. Ya karɓa da hannu biyu, amma yatsun sun ƙi rufuwa a kanta, buhu ya riga ya sandarar da su. Ya daɗe yana kallonsu.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce. "Da an ba ni ita shekara ashirin baya."