Tsohuwar Jirgi da Mazan Kakata Biyu

Kakata ba ta taɓa taka gidan kallo ba, amma a duk Filinge ban san wanda ya kai ta son fim ɗin nan ba. Uwar babana ce. Yanar ido ta rufe mata gani tun ina ƙarami, sai dai kunne, kai, ko kaza ta taka tabarma sai ta ji. Kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu maza, “mijina” take ce mini, ni kuma in ce mata “amarya”. Kullum ƙorafinta ɗaya ne, wai ta auri miji marar cefane.

Cefanen da nake kai mata shi ne labari. A lokacin ina koyon gyaran moto, wato babur, a bakin kasuwa, kuma bayan garejinmu akwai wata rumfar zana mai tele da gurup, wato janareta, inda ake nuna fim bayan la'asar. Nan wani fim na Turawa ya shigo mana kashi-kashi, da Faransanci. Labarin wata ƙasa ne da wani mugun sarki ya ɗaure ruwan sama a cikin dutse, da wata tsohuwa mai jirgin fito wadda ta yi renon marainiya mai jin maganar manyan tsuntsaye. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa masa Tsohuwar Jirgi.

Garin ya kamu. Yara suka riƙa yawo da karan gero suna tuƙa jirgi a kan yashi. Ƴan kabu-kabu suna bayan marainiya, mahauta kuma, don neman magana, suka ce su mutanen sarki ne. A fadarmu, wato majalisarmu ta samari, shayi kan ƙone a kan wuta ana musu. Ni kuwa da an tashi daga kallo ba na tsayawa, sai gidan kaka, tun labarin yana da zafinsa.

Faransancina na ɗan firamare ne, rabi in ji, rabi in cike da abin da ido ya gani. Amma ina da baki. In yi mata muryar sarki, in yi kukan tsuntsu har awaki su firgita. Ita kuma ba ta saurare da shiru. A ƙuruciyarta ƴar bori ce, kuma ko da ta daina fita wasa ba ta daina sanin ka'ida ba.

“Tsaya,” in ji ta. “Da tak kira iskokin ruwan, wa ag ga goge?”

“Babu goge, amarya. Sanda kawai ta ɗaga.”

“Babu goge, babu ƙwarya, ko ɗan akuya ba a yanka ba, kuma sunka zo? Kai, iskokin Nasara ba su da daraja!”

Duk da haka tsohuwar jirgin ta shiga ranta. “Ƙawata” take ce mata. In na shigo, kafin ta amsa sallama sai ta ce, “Ina labarin ƙawata? Ta ci abinci dai?” Ta kan ajiye mini furar da aka dama mata, ta rufe da faifai, ta ce ba mai taɓawa sai maigida. Jikoki ne cike da gidan, amma gefen tabarmarta na dama nawa ne, kowa ya sani.

Ana nan sai hutun damina ya zo, ɗan gwaggona ya sauko daga Yamai. Sa'ana ne, ɗan lise, wato babbar sakandare, kuma taubashina. Ya zo da tabarau da takalmi mai igiya da wasu littattafai masu kauri kamar tubali. Ranar da na kai shi gidan kallo don in burge shi, ba a yi nisa ba ya taɓe baki.

“A littahi ba haka ba ne,” ya ce.

Ashe wai fim ɗin daga littattafai aka ciro shi, kuma ya karance su kaf, har na ƙarshe da ba a riga an yi fim ɗinsa ba. Wallahi sai na ji kamar an zare mini kujera. Kafin a tashi, rabin rumfar sun juya wa tele baya suna kallon bakinsa. Ya ce an yanke yaƙi guda. Ya ce marainiyar a littafi tana da ɗan'uwa, masu fim suka haɗiye shi. Mahauta suka kewaye shi suna tambaya ko sarkinsu zai tsira, yana ta yanga yana cewa ba zai ɓata musu kallo ba. A cikin mako guda “a littahi ba haka ba ne” ta zama karin maganar gari. Ko nama mahauci ya yanka maka ƙarami sai ka ce masa haka.

Na ce a raina, su ci kansu, baƙo raɓa ne. Rumfa ba ta dame ni ba. Ina da kaka.

Rannan na taso daga gareji na shiga gida, sai na tarar da takalmi mai igiya a bakin tabarma. Yana zaune a gefen dama. Ƙwaryar furar tana gabansa, faifan a ƙasa.

“Ga tsohon miji nan,” in ji kaka, tana dariya. “Zo ka gaida ango. Wanga shi ya san ƙawata tun tana budurwa!”

Haka ne kuwa. Littafin ya faɗi ƙuruciyar tsohuwar, da mijin da ruwa ya cinye mata, da yadda ta fara jin iskoki. Duk fim bai nuna ba. Har wani abu mai kama da goge akwai a littafin, wai wata sarewa da ake busawa kafin a kira su. Da kaka ta ji haka sai ta buga cinya. “Na hwaɗi! Na ce ba su zuwa hakanan! Ashe mijina ne bai iya kallo ba.”

Ni ban iya kallo ba! Ni da na yi wata da watanni ina yi mata kukan tsuntsu har maƙogwarona ya dushe. Shi kuwa ko murya ba ya sauyawa. Yana magana shiƙa-shiƙa kamar mai karanta sanarwa a rediyo, yana tsayawa yana neman Hausar kalma, ita tana taya shi nema. Na zauna a kan turmi ina kallonsu, kishi yana cina kamar gara. Kishi ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Na ce, “Amarya, gani ya kori ji. Ni da idona nig gani. Shi takarda ce kawai.”

Ta ce, “To ni da ba ni da ido, mi ya kori mi? Duk ji nika yi.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da hanyar yin fushi. A wurinmu taubashi ba a fushi da shi. Duk abin da ka faɗa masa wasa ne, duk abin da ya yi maka wasa ne. Wata rana na tare shi a tsakar gida, gaban kowa, na ce masa ɓarawo, ɗan birni mai idon gilashi, wanda ko kaftu ɗaya bai taɓa yi a gonar kakansa ba ya zo yana shan furar mutane. Daga zuciyata nake faɗa. Gidan ya fashe da dariya. Matan babana suna tafi, gwaggo tana share hawaye tana cewa, “Ƙara mashi, bawanka ne!” Shi ma ya yi dariya ya rungume ni, ya ce bakina na nan yadda ya san shi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Abu ɗaya ya rage mini: ƙarshen labarin. Kashin ƙarshe bai fito ba, mai rumfa ya ce sai wata shekara. Na samu kaka ita kaɗai da hantsi, na durƙusa na ce, “Don Allah, duk abin da za shi ba ki, ki karɓa. Amma ƙarshen ki bar min. Ni nif fara miki, ni za ni ƙarasa miki.”

Ta lalubo kaina ta shafa. “Yaushe ƙarshen za shi zo?”

“Baɗi, in Allah ya so.”

“Baɗi,” ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, “Kai yaro ne, baɗi kusa ce gare ka.”

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ɗauka ta yarda.

Ana gobe taubashina zai koma Yamai, na dawo da yamma na tarar da ita zaune ita kaɗai, ba ta taɓa tuwonta ba. Na fara tsokanarta. Can ta ce, “Ƙawata ta tahi.” Ita ta tambaye shi, shi kuma ya faɗa mata. A littafin tsohuwar ta tuƙa jirginta ta shiga cikin dutsen, ta kwance ruwan, ruwan ya tafi da ita, ko gawarta ba a gani ba. Kaka ta ce, “Ko likkahwani ba ta samu ba, baiwar Allah.” Washegari ta sa aka yi ƙosai aka raba wa yaran unguwa, aka yi ta yi mata dariya wai tana sadakar mutuniyar takarda.

Daga ranar ta rufe zancen. Na koma gefen dama, furar ta dawo gabana, amma in na ɗauko labarin sai ta ce, “Bari, mijina, wanda ya mutu a bar shi shi huta.” Na kawo mata wasu finafinan, na masu faɗa, na masu rawa. Ta saurara don kada in ji kunya, ba ta tsayar da ni ko sau ɗaya ba. Raɓar ta tafi, amma ta tafi da abin da ta zo ɗauka.

Bayan an gama yankan gero zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Taubashina ya zo zaman makoki, ya yi kuka sosai, na kuma san kukan gaskiya ne. Ya ce mini ya gode Allah da ta ji ƙarshen kafin ta tafi. Na ce masa haka ne. Me zan ce, a gaban mutane?

Kashin ƙarshe ya iso da bazara. Rumfar ta cika har ana leƙe ta ramukan zana. Tsohuwar ta shiga dutsen, ruwa ya ɓalle, jirgin ya kife, mahauta suna salati don sarkinsu ya halaka. Sai ga gari ya waye a cikin fim ɗin, ruwa yana sauka a kan gonaki, tsuntsayen nan suka sauko da wani abu a bakin gaɓa. Ita ce. Ta yi tari, ta buɗe ido, ta tashi zaune tana zagin tsuntsayen don sun yaga mata zane. Masu fim sun ƙi kashe ta.

Rumfar ta kaure. Wasu na ihu suna tsalle a kan benci, wasu na cewa an cuce su, a littahi ba haka ba ne. Ni ban shiga musun ba, ina can ina aikina. Na riga na zaɓi muryar da zan yi tarin da ita, na shirya inda zan dakata in bar ta ta ɗan sha wuya kafin in ce mata, “Amarya, angonki ƙarya yay yi, ƙawarki na nan da ranta.” Har na miƙe ina neman takalmina don kada labarin ya huce. Sai da na sa ƙafa ɗaya na tuna.