Mai Riƙe da Igiya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, ga ta nan tafe.

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya a gidan ɗana da ke unguwar Wangsa Maju a Maleshiya, can saman bene inda ko taga ba na leƙawa. Jikata Hafsatu ce ta ce za ta hau dutse da igiya, ta ɗauko fim. Ubanta ya ce sai na yarda. Ni kuwa na tura takalman hawan cikin buhun shinkafa.

Kakata Iya Dije nake ta tunawa. Bayan magariba takan hura wuta mu kewaye ta, ta ba mu labarin Bafaranshen da ya zo ƙauyenmu da na'urar ɗaukar hoto, wai zai hau dutsen da ko awaki ba sa hawa. Ya nemi mai riƙe masa igiya. Ƙarti suka miƙe. Ya wuce su, ya zaɓi mijinta Tanko mai yasar rijiya, siriri kamar kara.

"Ya ga yadda yake zura ƙaninsa rijiya ne," in ji Iya. "Ko gari na ci da wuta, idonsa ba ya barin igiya."

Ana tsakiyar hawa ƙudan zuma suka taso. Kowa ya watse. Tanko ya tsaya suna harbinsa har Bature ya taka ƙasa. Mu yara kumburarriyar fuskarsa muke wa dariya. Iya ba ta taɓa taya mu ba, sai yanzu na san dalili.

Jiya Hafsatu ta durƙusa gabana. "Haba Kaka, boleh lah, zan iya! Sau nawa na hau?"

"Ban tambaye ki ba, sarkin rawar kai. Wa zai riƙe igiyar?"

"Ƙawata."

"Kawo mini ita."

Ta zo, 'yar Maleshiya, gajeriya. Na ba ta bakin zare ta riƙe mini ina naɗewa. Wayarta ta yi kuka sau uku, ko waiwaye ba ta yi ba. Na tashi na buɗe buhun shinkafa.

Bature, an ce ƙanƙara ta binne shi a wani dutsen, inda babu Tanko. Tanko ya tsufa a bakin rijiya. Iya ta rasu ba ta ga fim ɗin da Baturen ya ɗauka ba. Hafsatu ta fita tun da safe. Ni kuma ga ni a bakin taga, ina leƙe.